Tururuwa, Mai Rumbu a Ƙarƙashin Ƙasa

A ƙasar gero babu masussukar da za a yi aiki a cikinta tururuwa ba ta samu labari ba. Tun mata ba su ajiye taɓarya ba za ka ga siririyar hanya ta ɓullo daga gefen gona, a share tas, ana kai da kawowa a kanta: masu zuwa baki sake, masu komawa kowace da ƙwayar gero guda. Bahaushe bai taɓa haɗa ta da sauran ƙananan ƙwari ba. Kiyashi na zaƙi da maiƙo ne, cinnaka cizo ya sani, kwarkwasa yaƙi take fita, gara kuwa ta fi kusa da kyankyaso a dangantaka. Tururuwa ita ce mai hatsi.

Bi hanyar nan har bakin rami. Za ka tarar da fili a kewaye wanda ko tsinken ciyawa babu, a gefensa kuma tarin ƙaiƙayi. Wannan shaida ce cewa an yi shiƙa a ciki: ta ɓare ƙwayar, ta fitar da ɓawon waje, ta kai tsabar ɗakunan ajiya da ta haƙa a ƙasa. In ruwa ya shiga hatsin ya yi danshi, da rana ta fito sai ta kwaso shi ta shanya a bakin rami, ya bushe ta mayar. Aikin da ya fi burge ni shi ne na niƙa. Tururuwa ba ta iya haɗiye ƙwaya sukutum. A cikin ma'aikatan gidan akwai masu manyan kawuna da ƙarfin muƙamuƙi, su ne ke fasa tsabar, sannan a taru a yi ta tauna ta ana cuɗa ta da miyau har ta zama ƙulli mai laushi. Da shi manya ke rayuwa, da shi ake ciyar da 'ya'ya. Duk masu wannan aiki kuwa mata ne, babu namiji ko ɗaya a cikinsu.

Ɗan Adam bai daɗe da koyon wannan sana'a ba. A Ohalo, bakin tafkin Galili, masu tonon tarihi sun sami dutsen da aka niƙa sha'ir na daji a kansa shekara kusan 23,000 da suka wuce. Geron da muke ci kuwa, tsofaffin alamun nomansa da aka gano a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali sun kai shekara 4,500. Daga dutsen niƙa da ɗansa, zuwa turmi, zuwa injin da ke ƙara a bakin layi, duka jiya-jiya ne in aka gwada da miliyoyin shekarun da tururuwa ta yi tana tara tsabar ciyawa tana sarrafa ta.

Magabata sun lura da ita ƙwarai. Malam Jahizu na Basra, wanda ya rasu wajen 868, ya rubuta a littafinsa na dabbobi cewa tana raba ƙwaya biyu don kada ta tsiro mata a rami. Malaman Yahudawa na dā har hukunci suka yi a kan hatsin da aka samu a ramin tururuwa cikin gona, ko na mai gona ne ko na matalauta masu kala. Masanan arewacin Turai kuwa sun daɗe suna musun labarin gaba ɗaya, saboda ƙwarin ƙasarsu ba sa tara hatsi, har sai da wani Baturen Ingila, Moggridge, ya tona ramukanta a Menton ta kudancin Faransa, ya ga ɗakunan cike da tsaba, ya buga littafi a 1873. Abin da ya gano ɗin, duk yaron da ya taɓa kiwo a Damagaram ko Daura ya san shi.

A addini ma tana da daraja. Sura ta 27 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, saboda ƙissar wadda ta gargaɗi 'yan uwanta su shige gidajensu kada rundunar Annabi Sulaimanu ta tattake su. Hadisin Ibn Abbas kuma ya sa ta cikin halittu huɗu da aka hana kashewa.

Hausawa na cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Wanda ya fara faɗar haka ya kalli damina da kyau. Bayan ruwa ya sauka sosai, masu fiffike ke fitowa daga rami, maza da 'yan matan sarauniyoyi, su tashi sama su yi barbara. Mazan ba sa daɗewa suke mutuwa, tsuntsaye da ƙadangaru kuma su cinye mafi yawan sauran. Sai dai karin maganar ta bar rabin labarin. Sarauniyar da ta tsira takan sauko ta karya fiffikenta da kanta, ta haƙa ɗan rami ta shige, kuma daga ita kaɗai sabon gida ke tashi, har ya kai dubbai. A nan ne ake ganin gaskiyar cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Manomi yana da ƙorafi a kanta, kuma yana da gaskiya: takan kwashe irin da aka shuka, ta ɗebi rabonta a masussuka ba tare da ta yi noma ba. Amma a shekarar yunwa akan koma wurinta neman abin da ta ɗiba. A 2005, bayan fari da farar ɗango sun lalata amfanin gona a Nijar, an ga mata suna tona ramukan tururuwa don su samu abin dafawa, haka kuma aka gani a Chadi a 2010. Mace ta wuni tana haƙa cikin rana, ta sheƙe ƙasa da tsakuwa, ta koma gida da ɗan abin da ba zai kai iyali gobe ba. Ba a yin wannan sai rumbu ya ƙare, an sayar da akuya, an ci ganyen da ba a saba ci ba. Don haka hakimai, masu unguwanni da hukumomin agaji, duk ƙauyen da kuka ji mata sun fara bin hanyar tururuwa da fartanya da ƙwarya, ku kai masa hatsi a makon nan, kada ku jira rahoto.