Tausar Karnuka: Inda Hannu Ke Magani da Inda Yake Tsayawa

Kare ba ya faɗin inda ke masa ciwo, sai dai a gani a jikinsa. Tsohon kare kan daɗe kafin ya miƙe daga kwance, ya ƙi hawa matakalar da ya saba, ko ya yi ta lasar gaɓa ɗaya har gashin wurin ya zube. Wani kuma lafiyarsa ƙalau, amma da an yi tsawa sai ya hau makyarkyata. A Amurka da Ingila, irin waɗannan karnuka sun sa an samu masu sana'ar da hannu ne babban kayan aikinsu.

Fitacciya a cikinsu ita ce Linda Tellington-Jones, wadda aka haifa a Kanada a 1937. Da dawakai ta fara. A 1975 ta shiga karatu a wurin Moshe Feldenkrais, malamin da ke koya wa mutane sassauta jiki ta hanyar motsi a hankali, sai ta gwada darasin a kan dawakai masu gardama. Daga nan ta fito da salon da ake kira TTouch, wanda ya yaɗu zuwa karnuka da kyanwoyi har da dabbobin gidan zu.

Yadda ake yinsa ba wuya. Mai tausar zai ɗora yatsunsa a jikin karen, ya motsa fatar kanta maimakon ya shafi gashi, ya zagaya da ita sau ɗaya da kwata: kamar hannun agogo ya tashi daga ƙarfe shida, ya dawo shida, ya zarce zuwa tara. Sai ya ɗaga hannu ya koma wani wurin. Ba a dannawa da ƙarfi, domin mafi sauƙin taɓawar bai wuce yadda mutum zai taɓa fatar idonsa ba. Akwai kuma shafar kunne daga gindi zuwa tsini, da ɗaga fatar ƙafa a hankali a riƙe sannan a sake, da naɗa wa kare bandeji mai talewa sako-sako idan ana fargabar tsawa ko wasan wuta.

Wannan daban yake da tausar tsoka da ake yi wa karnuka masu ciwon gaɓoɓi ko masu gasar gudu. Ita tana shiga nama sosai, don a warware inda ya ɗaure. Karen da ƙugunsa ke ciwo yakan jingina nauyinsa a ƙafafun gaba, har kafaɗu da wuya su sage, kuma nan ne mai tausa ke da abin yi. A Birtaniya, dokar likitocin dabbobi ta 1966 ta keɓe gano cuta ga likita kaɗai, saboda haka sai likita ya duba kare ya amince kafin a yi masa tausar jinya.

Me ya sa taɓawa za ta rage zafi? A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, sun yi bayanin cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi suna haɗuwa a laka kafin su kai ƙwaƙwalwa, kuma na taɓawar yana iya danne na zafin. Shi ya sa wanda ya buge gwiwa yake saurin murza ta. A 2003 kuma, Odendaal da Meintjes a Afirka ta Kudu sun auna jinin mutane da karnuka bayan sun zauna tare ana shafa ana magana a hankali. Sun ga sinadarin oksitosin, mai alaƙa da shaƙuwa da natsuwa, ya ƙaru a ɓangarorin biyu, matsin jini kuma ya ragu.

Hujjar tausar kanta ba ta kai haka ƙarfi ba. A 2021 masu bincike na Jami'ar Winchester tare da ƙungiyar Canine Massage Guild sun wallafa nazari a kan karnuka 527, inda aka ba da rahoton raguwar alamun ciwo bayan tausa. Sai dai masu tausar da masu karnukan ne suka yi awon, kuma ba a ware wasu karnukan da ba a taɓa ba don a kwatanta. Maganar da masu TTouch ke yi cewa zagayen yana farkar da ƙwayoyin halittar jiki, ita kam kimiyya ba ta tabbatar da ita ba.

Don haka likitocin dabbobi suna ɗaukar tausa a matsayin ƙari a kan magani, rage ƙiba da motsa jiki. Ba a yin ta a kan karaya, buɗaɗɗen rauni, ƙari, ko kumburi mai zafi, ba kuma a yi wa kare mai zazzaɓi. Karen da ba a san shi ba, ko wanda halinsa ya sauya kwatsam yana dalalar da yawu, ba a kai masa hannu sam, musamman a ƙasashen da cutar haukan kare ke nan, irin su Najeriya da Nijar.

Ko da karen gida ne, shi ke nuna ko a ci gaba. Idan ya saki jiki, numfashinsa ya yi nisa, ya matso da kansa, to yana so. Idan kuwa ya kau da kai, ya yi ta hamma ko lasar leɓe, ko ya sandare har farin idonsa ya bayyana, sai a janye hannu a ba shi hanya. Masu horar da karnuka kan ba da shawarar a shafa na ɗan daƙiƙoƙi, a dakata, a ga ko zai nemi ƙari.