Ɗaki da Falo a Dubai, Mai Shi Yana Funtuwa

A yankin Funtuwa da Malumfashi an san inda kuɗin kaka suke zuwa. Wanda ya sayar da masara ko waken suya a kasuwar Ɗandume, ko ya kai auduga ma'auna, yakan ƙara gona, ya sayi shanu, ya gina shaguna a bakin titi, ko ya cika sito da hatsi ya jira bazara. Yanzu duk waɗannan hanyoyi sun yi rauni. Ɓarayin daji sun mayar da garken shanu abin fargaba a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, gonar da ke nesa da gari ta zama ta shiga da addu'a, kuma waɗanda suka ɓoye hatsi da tsada a 2024 sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Ga Naira: kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma a farkon 2024 ta haura 1,500.

Don haka ba abin mamaki ba ne idan babban ɗan kasuwar hatsi ya tsaya ya kalli tallar da ke yawo a WhatsApp da Facebook: sayi ɗaki da falo a wani dogon bene a Dubai, a riƙa ba masu yawon buɗe ido haya ta kwana biyu ko mako guda ta manhajar Airbnb, kai kuma kuɗi na shigo maka kana zaune. Tallar tana da ƙamshin gaskiya. Tun 2002 Dubai ta ba baƙi damar mallakar gida a wasu keɓaɓɓun unguwanni, kuma dirhami, kuɗin can, a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 kan kowace dala, saboda haka faɗuwar Naira ba ta taɓa shi. Wanda ya sayi kadarar dirhami miliyan 2 ma yana iya neman izinin zama na shekara 10.

Abin da dillali ba ya faɗa shi ne, hayar kwana-kwana ba ajiyar dukiya ba ce, sana'a ce. Ƙaramin otal ka buɗe. Duk baƙon da ya fita sai an share, an wanke zannuwan gado, an duba abin da ya fashe. Wani zai iso ƙarfe 2 na dare yana neman makulli, wani na'urar sanyaya ɗaki za ta mutu masa. Mutumin da ke Bakori ba zai yi wannan ba, dole ya miƙa wa kamfanin kula da gidaje, su kuwa sukan cire abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin haya, wani lokaci fiye. Duk manomin da ya taɓa damƙa wa wakili gona yana bin labarinta ta waya ya san yadda lissafin buhuna yake dawowa. Ita gonar ma ko ba komai kana iya hawa babur ka je ka gani.

A ɗauki gidan dirhami miliyan 1 a matsayin misali. Dala 272,000 ke nan da 'yan kai, wato sama da Naira miliyan 400 idan an yi canji a kan 1,500. Ranar saye za a biya Hukumar Filaye ta Dubai kashi 4 cikin 100, dirhami 40,000, dillali kuma ya karɓi la'adarsa, galibi kashi 2. Sai kayan ɗaki, tun daga gado har cokali. Sai lasisin gidan hutu daga hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai, wanda ake sabuntawa duk shekara, da harajin da ake karɓa kan kowane dare da baƙo ya kwana. Mafi nauyi shi ne kuɗin hidimar bene, na masu gadi da shara da wurin ninƙaya da injin hawa sama, wanda ake lissafawa da faɗin gidan. Ko an samu baƙo ko ba a samu ba, sai an biya shi. Kuma akwai watannin da ba a samu: daga Yuni zuwa Agusta zafin Dubai yana wuce digiri 40, baƙi su ragu, farashin kwana ya sauko. Ribar da ake nunawa a talla yawanci ta watannin sanyi ce, kafin a cire komai.

Watannin nan na ƙarancin baƙi su ne daidai lokacin da manomin kudancin Katsina yake neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago da maganin feshi. Nan ne a ganina babban hatsarin yake. Jarin hatsi da na noma kuɗi ne mai juyawa, yana fita da damina ya dawo da kaka. Sa ko buhu ɗari kana iya sayarwa ranar kasuwa ɗaya, amma gida a wata ƙasa yana iya ɗaukar watanni kafin a sami mai saye, kuma ba lallai a farashin da ka saya ba. A rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 zuwa 2009 farashin gidajen Dubai ya faɗi da kusan rabi, an bar gine-gine da dama a tsaye ba a ƙarasa ba, sannan daga 2014 zuwa 2020 ya sake yin ƙasa a hankali. Wanda zai sayi gidan da yake kan takarda, ba a gina ba tukuna, ya tabbatar kuɗinsa sun shiga asusun amana na aikin, wanda dokar 2007 ta wajabta, ba asusun wani dillali a Kano ko Abuja ba.

Sai batun ƙofa. Daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Dubai ke cikinta, ta daina ba 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ma bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Mai takardar mallaka amma ba shi da izinin zama, gidansa ya koma hoto a waya. Kuma bankunan can suna tambayar asalin kuɗi da tsanani, ga kuma rahoton cibiyar Carnegie na 2020 da ya danganta gidaje 800 a Dubai da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu. Ɗan kasuwar da cinikinsa na tsabar kuɗi ne, babu rasit, zai sha tambaya ko da guminsa ne.

Sauran ƙasashe ma ba sauƙi. A Turkiyya, tun Janairun 2024 ba a ba da hayar ƙasa da kwana 100 sai da izini, kuma sai masu sauran gidajen benen sun amince. Birnin Baselona na Sifaniya ya sanar zai soke lasisin gidajen baƙi kusan 10,000 kafin ƙarshen 2028, saboda 'yan gari sun rasa wurin haya. Doka ɗaya tana iya rufe sana'ar a bar ka da ginin.

Akwai kuma abin da ya kamata a kai gaban malami kafin a kai gaban dillali. Ba kai kake zaɓar wanda zai kwana a ɗakin ba, manhaja ce, kuma ba ka san abin da zai shigo da shi ba. Idan za a cika kuɗin da bashin banki, a bincika ko mai ruwa ne. Zakka kuwa, abin da malamai da yawa suke kai shi ne ba a kan ginin take ba, a kan kuɗin hayar da suka taru suka kai nisabi, shekara ta zagayo.

Rabon gado ya fi duka wuya. Idan mai gida ya rasu, ana rufe asusunsa na can sai kotu ta tantance magada. Takardar rabon gado daga kotun shari'a ta Funtuwa ko Malumfashi sai an fassara ta zuwa Larabci, an buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadanci, sannan a ɗauki lauya a biya shi da dirhami. A gidan da ke da mata uku da 'ya'ya goma sha, wannan aiki ne na watanni, kuɗin hidimar bene kuma suna ta taruwa. Wannan ma idan iyalin sun san da gidan ke nan, domin da yawa daga masu irin wannan saye ba sa faɗa wa kowa.