Kafin ka sayi kayan gwajin tsaron wifi, juya kwalin ka duba bayansa

Tun da wuraren sayar da wifi suka yawaita a unguwanni, daga Maraɗi har Damagaram da Yamai, matasa da dama sun shiga koyon gwada tsaron wifi ɗinsu da kansu, don su gano ko akwai ƙofar da wani ke bi yana shan intanet kyauta. Sai mutum ya saka Kali Linux a kwamfuta, ya buɗe Aircrack-ng, abin ya ƙi tashi, ya ce manhajar ce ba ta da kyau. Alhali sau da yawa matsalar tana ga na'urar da ya saya.

Ga yadda abin yake. Wifi na yau da kullum saƙon da aka aiko masa kawai yake karɓa. Shi kuwa mai gwaji yana son na'urar da za ta iya sauraren duk abin da ke yawo a iska, kuma ta iya aika saƙon gwaji. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan: mai kama tasha ɗaya daban, mai kama duk zangon daban. Wannan iyawa ba daga sunan kamfani take ba, daga ɗan cip ɗin da ke cikin na'urar take.

Misalin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne TP-Link TL-WN722N, ƴar ƙaramar nan mai eriya da ake soka wa kwamfuta. Fitowa ta farko, mai alamar V1, tana ɗauke da cip na Atheros AR9271, wanda Linux ke ganewa nan take. Amma V2 da V3 na Realtek ne a ciki, sai an sha wahalar girka ƙarin manhaja, wani lokacin ma aikin bai tafiya daidai. Suna ɗaya, siffa ɗaya, ciki daban. Mai shago ba lallai ya sani ba, shi dai zai ce maka "ai ita ce". To, ka juya kwalin da kanka, lambar fitowar tana rubuce kusa da lambar na'urar. Masu hali sukan nemi Alfa AWUS036NHA, ita ma AR9271 gare ta, sai dai zangon 2.4 GHz kawai take ji. Idan wifi ɗinka na 5 GHz ne, sai irin su AWUS036ACM mai cip na MediaTek.

Haka zancen yake ga rauta, wato akwatin da ke raba intanet. Wanda ke son ya mayar da ita kayan gwaji yakan sauya mata manhaja zuwa OpenWrt. A nan masu Atheros da MediaTek sun fi ba da haɗin kai. Masu Broadcom kuwa sau da yawa wifi ɗin ne ke lalacewa bayan sauyin. Sannan a duba girman ma'ajiya. Tsofaffin nan masu megabait 4 na ajiya da 32 na aiki, irin yawancin TL-WR841N da suka cika kasuwa, OpenWrt ta daina tafiya da su tun bayan fitowar 19.07. A nemi mai 16 da 128, kamar Archer C7 fitowa ta 2. In ka ɗora manhajar da ba ta dace da lambar fitowar ba, rautar na iya mutuwa murus.

Ni shawarata, kada ka yi gwaji a kan rautar da kake cin abinci da ita. Nemi wata tsohuwa ka ware. Mai WPS ma ta fi koyarwa, domin tun a Disamban 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambobi 8 na WPS ba sa wuce gwaji 11,000 a gano su. Wanda ya ga haka da idonsa zai ruga ya kashe WPS a tasa.

Wifi na maƙwabci kuwa, ko na ofis, ba wurin koyo ba ne. Dokar nan mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet a Nijar ta hukunta shiga tsarin wani ba da izini ba. Idan wani ya ɗauke ka aikin gwada nasa, ka ce ya ba ka izinin a rubuce, da sa hannunsa.