Gari ɗaya, suna ɗaya: darasi daga ƙasar Kurfai

A kasuwar Filinge, in tiyar mai saye ta bambanta da ta mai sayarwa, ciniki ba ya ƙarewa lafiya. Haka abin yake ga ma'aikatun da ke tara bayanai cikin kwamfuta.

Mu ɗauki garin Cikal na ƙasar Kurfai. Wani ma'aikaci ya rubuta Chikal, wani Chical, malamin yaƙi da jahilci kuwa Cikal. Mutum ya san gari ɗaya ne, amma na'ura tana iya ƙirga uku. In rabon hatsi ko maganin rigakafi ya dogara ga wannan lissafi, wani ya samu kashi biyu, wani ya rasa.

Maganin abin shi ne bin ƙa'ida ɗaya. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun aza harsashin daidaita rubutun Hausa. Bayan ƙidayar jama'a ta 2012, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da RENALOC, kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka.

Na'urorin zamani masu kwaikwayon basirar ɗan Adam daga irin waɗannan takardu suke koyo. Abin da aka zuba musu, shi suke niƙawa. Saboda haka, ma'aikaci, kafin ka cika rajista, duba kundi.