Manoma, Mu Daina Zuba Guba A Cikin Wake

'Yan uwa manoma na Madadi da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, kowa ya san halin wake. Noma shi da wuya, ajiye shi ya fi wuya. In aka zuba shi a buhu, kafin wata uku ƙwaro ya huda shi. Shi ya sa wasu suke sayarwa da kaka, lokacin da yake da araha. Wasu kuma suna yayyafa masa fiya-fiya. Sun ɗauka wake ba ya ajiyuwa sai da magani. Wannan tunani ya kamata mu bar shi.

Fiya-fiya guba ce. Ba a yi ta don abinci ba. Tana kashe ƙwaro, amma tana cutar da mutum. Tana kawo amai, da ciwon kai, da gudawa. In ta yi yawa tana kisa. Waken da ka zuba wa guba, watakila 'ya'yanka ne za su ci shi a ƙosai ko alale.

Guba tana kashe kasuwa ma. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili shi ne an sami wannan guba da yawa a cikinsa.

To mene ne mafita? Ƙwaro mai rai ne, sai da iska yake rayuwa. Tun a gona yake yin ƙwai a jikin wake, mu kawo shi gida da hannunmu. In ka hana shi iska, zai daina ci, ya mutu. A kan wannan ne masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da buhu mai ninki uku. Ana kiransa PICS. An fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Yana da leda biyu masu kauri a ciki, da buhu ɗaya a waje.

Ga yadda ake amfani da shi:

1. Ka shanya wake ya bushe sarai, ka sheƙe shi.
2. Ka duba ledojin. In akwai huji, kada ka yi aiki da su.
3. Ka sa leda cikin leda, ka sa su cikin buhu, sannan ka zuba wake.
4. Ka matse iska ta fita. Ka murɗe bakin leda ta ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure.
5. Ka ɗaure ta biyu daban, buhun waje ma daban.
6. Ka ɗora shi a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera.
7. Kada ka riƙa buɗewa sai ranar da za ka ci ko ka sayar.

In babu buhun, jarka mai tsabta ko durom mai murfi za su yi. Ka cika su fam, ka toshe baki sosai. Amma kada ka yi amfani da wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki.

Buhun ya fi na gama-gari tsada. Amma in bai huje ba, za ka sake aiki da shi baɗi. Kuma za ka iya riƙe wakenka har farashi ya tashi.

Hausawa sun ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Ka tambayi malamin gona na KNARDA inda ake samun buhu mai kyau. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan bayani.