Ƙudujin da ke tsiro a rai

Duk wanda ya taɓa noman dawa ko gero a tsohuwar gona ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Wajen ƙarshen damina sai ka hango gona ta yi ado da fure ja-ja mai ɗaukar ido. Baƙo daga birni zai tsaya ya ɗauki hoto. Mai gona kuwa hannu yake ɗorawa a ka, don ya san bana rumbu ba zai cika ba.

Muguntar ƙuduji a ƙarƙashin ƙasa take. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya kan zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da sun ji, sai su tsiro su maƙale wa saiwar, su yi ta tsotsar ruwa da abincin shukar makonni kafin ko ganye ɗaya ya leƙo waje. Manomi yana ganin dawarsa ta tsumbure, ganye ya yi rawaya, yana ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa. Kafin furen nan ya bayyana, an riga an yi ɓarnar.

Haka mugun tunani yake aiki a ran ɗan Adam. Ɗauki tela da ya aika wa mai kaya saƙo ta WhatsApp cewa ɗinki ya kammala. Ya ga alamar an karanta, amma shiru. Kafin la'asar ransa ya ɓaci, ya daka wa yaron shago tsawa a kan almakashi, ya koma gida ya ture tuwo. Tambaye shi me ya faru, zai ce maka shi ma bai sani ba, kawai dai ransa ne babu daɗi. Amma da za a tona, tsakanin ganin alamar da ɓacin ran akwai wasu 'yan maganganu da suka gifta da sauri: ɗinkin bai yi mata ba, ta koma wajen wani, dama ni duk abin da na taɓa sai ya lalace. Matar kuwa wataƙila tana gidan suna ne, wayar tana hannun yara.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Filadelfiya na Amurka, Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, shi ya fito da wannan fili a shekarun 1960. Ya lura cewa masu ciwon damuwa da yake dubawa suna da irin waɗannan tunane-tunane masu faɗowa da kansu, kuma ba sa tuhumar su ko kaɗan, gaskiya tsagwaronta suke ɗaukar su. Ya ga kusan salo guda suke bi: a faɗi jarabawa ɗaya a yanke cewa kan ba ya ja, a ga maƙwabci ya wuce bai yi gaisuwa ba a karanta abin da ke zuciyarsa, a ji ciwon kai a fara hango makara. A kan haka ya gina hanyar magani ta gyaran tunani, wadda asibitocin duniya ke amfani da ita har yau.

To, mu a nan me muke ce wa mai irin wannan hali? “Ka cire abin a ranka.” “Ki daina tunani mana.” Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma shawarar daidai take da a ce wa manomi ya kawar da kai daga furen. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce na minti biyar kada su kuskura su tuna da farar beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, kuma duk wanda ta faɗo masa ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta ƙara. Da aka sake su daga baya, sai suka fi waɗanda ba a hana ba yawan tuna ta. Mai danne tunani dole ya riƙa leƙawa ya ga ko ya tafi, leƙen nan kuwa shi ke dawo da shi. Mafi muni shi ne masu ƙarawa da cewa ai raunin imani ne. Sai bawan Allah ya tashi da damuwa biyu, ta farko da kuma ta zargin kansa. Manomin kirki yana addu'ar damina mai albarka, kuma da asuba yana gona yana tuge ƙuduji, ba wanda ya ce ɗaya ta hana ɗaya.

Dabarar da ta fi burge ni a yaƙi da ƙuduji ita ce ta yaudara. A shekarar da aka hutar da gona daga dawa, sai a shuka waken suya ko auduga ko gyaɗa. Saiwarsu ma tana fitar da sinadarin da ke tayar da irin, sai ya tsiro da murna, ya lalubi inda zai kama ya rasa, cikin 'yan kwanaki ya mutu. An fito da shi ne a inda ba shi da abin tsotsa.

Takarda da biro suna yi wa tunani irin wannan aikin. Idan rai ya ɓaci, telan nan ya tsaya ya tambayi kansa me ya gifta masa yanzun nan, ya rubuta shi yadda ya zo, ba kwaskwarima. Sannan ya tsare shi da tambaya. Mece ce shaidata? Kaya nawa na ɗinka bana, nawa aka dawo da su? Da abokina ne ya zo mini da wannan maganar, me zan ce masa? “Duk abin da na taɓa sai ya lalace” tana da ƙarfi ƙwarai cikin dare, mutum yana kwance yana kallon silin. A kan takarda, kusa da littafin da ke cike da sunayen masu kawo ɗinki shekara da shekaru, ba ta da abin kamawa. Ba a ce ya rubuta cewa shi ne sarkin telolin duniya ba, rai ba ya karɓar ƙarya don tana da zaƙi. Abin da zai maye gurbin shi ne magana ta gaskiya da zai iya tsayawa a kanta: ba ta amsa ba tukuna, ban san dalili ba, gobe zan kira ta.

Kada wani ya ce wannan sabon abu ne na Turawa. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya shawarci mutum ya tanadi tunani masu kyau tun yana cikin natsuwa, don ya samu abin jawowa ranar da fushi ko tsoro suka taso.

Sai batun ƙasar kanta. Ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji, wadda aka yi ta noma ba taki, shi ya sa ya fi cin gonar talaka. Ran da ba ya samun barci, mai shi yana zaune shi kaɗai a ɗaki yana murza waya har ƙarfe biyun dare, gona ce da ta gaji. Takinta sananne ne: barci a kan lokaci, tafiyar ƙafa, aikin hannu, zama cikin mutane a majalisa ko gidan 'yan uwa ko da ba a jin son fita. Kada a jira sai rai ya yi daɗi kafin a fita, sau da yawa fitar ce ke jawo daɗin.

Kuma a sani, ba aikin damina ɗaya ba ne. Wanda ya tuge ƙuduji bana kafin ya zubar da iri zai sake ganin sa baɗi, don tsohon iri yana nan a ƙasa, sai dai ya ragu. Tunanin da aka girma da shi tun ana ce wa yaro “kai ba ka da amfani” zai dawo. Dawowarsa ba ta nufin aikin ya tashi a banza.

Akwai kuma gonar da ta fi ƙarfin mai ita, sai an kira malamin gona. Idan ka kai mako biyu rai a jagule kusan kullum, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kake so da ya fita daga ranka, ko ka fara jin gara ma a ce ba ka duniya, to takarda da biro ba za su isa ba. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi yau, ku je asibiti tare. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma likitan asibitin da ke kusa da kai zai iya duba ka ya tura ka inda ya dace.