Shar Pei: karen da fatarsa ke cin idonsa

A shekarar 1973 wani mai kiwon karnuka a Hong Kong, Matgo Law, ya yi kira a wata mujallar Amurka cewa a ceto Shar Pei, tsohon jinsin karen kudancin ƙasar Sin da ya kusa ƙarewa. Amurkawa suka amsa kiran. Manoman lardin Guangdong sun san karen nan da farauta da gadi, amma sababbin masu sayensa fatarsa mai ninki-ninki ce ta ɗauke musu hankali. Kwikwiyon da ya fi tamoji shi ya fi kuɗi, don haka masu kiwo suka riƙa zaɓen irinsa wajen barbara, har fuskar karen ta cika da nama, idanu suka nutse a ciki.

A nan wahalar ta samo asali. Idan fata ta yi wa fuska yawa, bakin fatar ido kan naɗe zuwa ciki, gashi ya riƙa gogar ƙwayar ido duk lokacin da karen ya ƙifta. Likitocin dabbobi na kiran wannan lalura entropion. Duk wanda ya taɓa jin tsakuwa ta faɗa masa ido ya san yadda minti guda yake, shi kuwa karen da haka yake kwana yake tashi. Ido ya yi ja, hawaye da kwantsa ba sa yankewa, yana ta runtsewa yana sosawa da ƙafa. In aka bar shi, gyambo ya fito a kan baƙin idon, tabo ya biyo baya, wani lokaci har makanta.

Binciken da kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta wallafa a 2023, kan Shar Pei sama da 1,900, ya nuna cewa kusan kashi 18 cikin 100 na fama da lalurar, kuma ita ce kan gaba a cututtukan jinsin. Ana samunta kuma a Chow Chow da Bulldog da Rottweiler.

Magani akwai. Ƙaramin kwikwiyo akan yi masa ɗinkin wucin gadi da zai riƙe fatar idon har kansa ya girma. Babban kare kuwa tiyata ake yi masa, a yanke ɗan siririn yanki na fata kusa da bakin idon, a ɗinke, fatar ta koma mazauninta. Galibi aikin yana yin kyau.

To, amma wuƙar likita ba ta kai ga gado. Karen da aka yi wa aiki yana nan ɗauke da abin da ya gada, kuma zai miƙa wa 'ya'yansa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, aikin da ya yi kyau ba ya barin alama, sai mai kiwo marar amana ya ci gaba da barbara da karen, mai saye bai sani ba. Shi ya sa ƙungiyar American Kennel Club ta hana karen da aka gyara wa fatar ido shiga gasar nuna kyawun jinsi. Ga shi kuma lalurar ba daga ƙwayar halitta guda take fitowa ba, ta haɗa da siffar kai da girman ido da yawan fata, saboda haka babu gwajin jini ɗaya da zai tona ta. Dole sai an duba uwa da uba da 'yan'uwan haihuwa.

Wasu masu kiwo kan ce ai lalurar mai sauƙi ce tunda ana gyarawa. Wannan hujja ba ta tsaya ba, domin haifar da dabba da sanin cewa sai an yanka mata ido kafin ta huta zalunci ne. Karen da ya kamu a yi masa magani, a riƙe shi da kyau, amma a cire shi daga barbara. Mai sayen kwikwiyo kuma ya nemi ganin iyayen da idonsa, ya tambayi mai kiwon kai tsaye ko an taɓa yi musu aikin ido.